Sanin Farashi: Dukiyar Mai Shi Ce ko Haƙƙin Jama'a?

Akwai wata tsohuwar mas'ala wadda malaman fiƙihu da masana hikima suka daɗe suna juyawa tun zamanin da labari ba ya wuce saurin raƙumi, wadda kuma har yau, da labari ke ƙetare teku kafin ƙiftawar ido, ba ta gushe tana damun masu hankali ba. Idan mutum biyu suka zauna ciniki, ɗaya ya san yadda kasuwa ta kwana ɗaya bai sani ba, shin wanda ya sani ɗin yana da ikon ya kame bakinsa ya ci ribar saninsa, ko kuwa abokin cinikinsa yana da haƙƙi a cikin abin da ya sani? Haramcin ƙarya ba ya bukatar dogon bahasi, ɓoye aibin haja kuma algus ne wanda hukuncinsa sananne ne ga ƙaramin ɗalibi. Abin da ke da wuyar warwarewa shi ne shiru, irin shirun da babu ƙarya ko ta kalma ɗaya a cikinsa, amma a ƙarshen zama mai shi ya tashi da riba, wancan ya tashi da hasarar da bai ma san ya yi ba.

Sisero, masanin Rumawa, ya kawo ta a littafinsa na ladubba shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da misalin wani falke da ya yi lodin hatsi daga Iskandariyya zuwa tsibirin Rodos ana cikin yunwa, alhali ya ga wasu jiragen hatsi suna biye da shi a baya. Shin ya gaya wa mutanen tsibirin, farashi ya karye, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Sisero ya hukunta cewa mutumin kirki sai ya faɗa, amma Toma Akwini, babban malamin Nasara, ya zo bayan ƙarnoni ya ce adalci bai wajabta masa faɗa ba, ko da yake faɗar ta fi falala. A wajenmu kuwa Imamu Gazali, a babin ladubban neman halal na Ihya'u, ya lissafta gaskata farashin ranar cikin abubuwan da ke kan ɗan kasuwa, ya kuma ba da labarin wani tabi'i a Basra wanda baransa ya rubuto masa daga Sus cewa annoba ta faɗa wa rake a bana, sai ya saye sukari mai yawa, ya ci ribar dubu talatin, sa'an nan ya kwana bai runtsa ba, da gari ya waye ya kai wa mai sukarin kuɗin. Mai sukarin ya ce ya yafe, tabi'in ya koma gida da su, zuciyarsa ta ƙi natsuwa don tsoron kada kunya ce ta sa mutumin ya yafe, ya sake komawa har sai da aka karɓa.

Wannan tsantseni ne na mutum ɗaya, kuma ba a gina kasuwa a kan zaton kowa zai kwana bai runtsa ba. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko hukuma na da ikon ta tilasta wa mai saye ya bayyana abin da ya biya. Ban san wata ƙasa da ta ɗauki wannan tambaya da gaske a sha'anin dabbobi kamar Amurka ba, saboda haka can ya kamata a duba ta.

A da, makiyayin Amurka yakan loda shanunsa a jirgin ƙasa zuwa manyan kara, irin ta Shikago wadda aka buɗe a 1865, ko ta Omaha, inda masu saye da yawa ke taruwa suna tayi a bainar jama'a, wakilan Ma'aikatar Gona kuma suna zagayawa da alƙalami suna rubuta yadda aka sallama, washegari kowa ya gani a jarida ko ya ji a rediyo. Ba wanda aka tilasta wa faɗin kome, domin abin da aka yi a fili ba ya bukatar a tambaya. Sannu a hankali al'amarin ya sake. Kamfanonin mayanka suka tashi daga birane suka koma kusa da wuraren turka shanu a jihohin Nebraska da Kansas da Teksas da Kolorado, suka riƙa aika wakilansu har turke suna saye kai tsaye. Karar Shikago ta rufe a 1971, ta Omaha ta bi ta a 1999. Kamfanonin kuma suka yi ta haɗiye juna, har ya zama huɗu mafiya girma, waɗanda a 1980 suke yanka kashi 36 cikin ɗari na shanun turka, yau suna yanka kusan kashi 85, su ne Tyson da JBS da Cargill da National Beef. Ciniki ya koma ta waya da takardar yarjejeniya tsakanin mutum biyu, wanda ya ga dama ya faɗa wa hukuma, wanda bai ga dama ba ya yi shiru, har Ma'aikatar Gona da kanta ta kimanta cewa wajen ƙarshen shekarun 1990 kashi 35 zuwa 40 na cinikin shanu, da kashi 40 na tumaki, da kashi 75 na aladu, ba ya isowa kunnenta.

Abin da ya fasa ƙurjin kuwa aladu ne, dabbar da shari'armu ta haramta, amma zaluncin da aka yi wa mai kiwonta zalunci ne dai, kuma ibrar da ke ciki ba ta haramta gare mu ba. A watan Disamba na 1998 farashinsu ya faɗi har ƙasa da santi 10 kowace laba a wasu wurare, masu kiwo da yawa suka karye, alhali farashin naman a kantuna bai sauko daidai da haka ba ko kusa. Mutane suka ce akwai abin da ake ɓoye musu. Jihohi biyar, Ayowa da Minnesota da Missouri da Nebraska da Dakota ta Kudu, suka kafa dokokinsu, sa'an nan Majalisar Tarayya ta zartar da dokar wajabta bayyana farashin dabbobi a watan Oktoba na 1999, aka fara aiki da ita a Afrilu na 2001. Mayankar da ke yanka shanu 125,000 ko fiye a shekara wajibi ne ta aika wa hukuma, sau biyu kowace rana, adadin da ta saya, da nauyinsu, da kuɗin da ta biya, da irin yarjejeniyar da aka yi, haka nan farashin da ta sayar da naman. Hukuma kuma ta tattara ta watsa wa kowa kyauta a ranar. Wanda ya ƙi, ko ya ba da labarin ƙarya, akwai tara a kansa.

Masu suka sun zo da hujjoji biyu, kuma ba daidai ba ne a yi musu riƙon sakainar kashi. Ta farko, sun ce wannan shisshigi ne na hukuma a kasuwa. Musulmi ma zai iya tuna hadisin Anas, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, cewa da farashi ya hau a Madina aka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade shi, sai ya ƙi, ya mayar da al'amarin farashi ga Allah, yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Sai dai wanda ya lura zai ga cewa dokar da muke magana a kanta ba tas'iri ba ce, wato ƙayyade farashi, domin ba ta ce wa kowa ya saya a kaza ko ya sayar a kaza ba. Abin da ta ce kawai, wanda ya saya ya faɗi nawa ya saya. Ina ma ganin hadisin hujja ne gare ta. Barin farashi ya tsaya da ƙafarsa yana da ma'ana ne idan yardar masu ciniki yarda ce ta haƙiƙa, wadda Alƙur'ani ya sharɗanta a Suratun Nisa'i, yardar wanda aka rufe wa ido kuwa tana da sunan yarda amma ba ta da cikarta.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Sun ce sani ma dukiya ne: kamfani ya kashe kuɗi ya ɗauki ma'aikata, ya bi kasuwanni, ya yi lissafi, to da wane dalili za a ƙwace masa 'ya'yan wahalarsa a raba wa wanda bai wahala ba? A nan ne hanin tarbar fatake yake haskaka mas'alar. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa an hana mutum ya fita bayan gari ya tare masu kawo haja ya saye kafin su iso kasuwa, a ruwayar Muslim kuma an ba mai hajar zaɓi idan ya iso kasuwa ya ga yadda take. Mai tarbar nan shi ma ya wahala, ya yi sammako, ya ɗaura sirdi, bai yi wa kowa ƙarya ba, duk da haka ba a bar masa ribar sammakonsa ba. Ibnu Rushdi a Bidayatul Mujtahid ya bayyana saɓanin malamai kan illar hanin, wato dalilinsa: Imamu Shafi'i ya ga an yi shi ne domin mai sayarwa, kada a ƙware shi saboda jahiltar farashin gari, Imamu Malik kuwa ya ga an yi shi ne domin mutanen kasuwa, kada mutum ɗaya ya kaɗaita da arahar haja ban da su. Wakilin kamfani da ke zuwa har turke ya saye shanu kafin su ga kara, siffarsa ba ta da nisa da ta mai tarba, kuma illolin nan biyu duka suna tattare da shi, ta mutum ɗaya da ta jama'a.

Amma amanar ilimi ba ta yarda a ɗauki abin da ya dace da ra'ayi a ɓoye wanda bai dace ba. A littafin nan dai, a babin hana ɗan birni ya sayar wa baƙauye, an naƙalto cewa Imamu Malik ya karhanta ɗan birni ya gaya wa baƙauye farashi, Abu Hanifa da Auza'i kuwa ba su ga laifinsa ba. Ga alama ke nan limamin mazhabarmu yana tare da masu shiru. To, sai a dubi illa, tun da hukunci yana zagayawa ne tare da illarsa. Abin da aka nufa shi ne sauƙaƙa wa mazauna gari, domin abin da baƙauye ke kawowa a wancan zamani, kamar itace da nono da zuma, bai ci masa jari mai yawa ba, idan ya sayar da araha talakan birni ne ke cin moriya. Makiyayin Nebraska kuwa ya sayi maraƙi da masara da bashin banki, kuma shekarar 1998 ta nuna ƙarara cewa arahar da aka samu a wajen masu kiwo ba ta isa tukunyar talaka ba, a tsakani ta maƙale. Idan mai cin moriyar shiru ya zama shi ne mafi ƙarfin duk waɗanda ke cikin cinikin, illar karhancin ta gushe, sai asali ya dawo, wato addini nasiha ne, hujjar da masu halattawa suka riƙe tun can.

Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, farashin kasuwa ba wanda ya ƙage shi shi kaɗai, saboda haka ba wanda ya mallake shi shi kaɗai. Yana haifuwa ne daga tayin wannan da albarkar wancan da sallamawar na uku, mutum dubu suna ja suna saki, har a sami adadin da kowa ke dogara da shi ya san darajar abin da ke turkensa. Kamfani yana da haƙƙin sirrin dabarunsa da lissafinsa, amma adadin da ya biya wa saniya wani yanki ne na abin da jama'a suka haɗu suka samar, kuma shi kansa da na sauran mutane ya auna kafin ya taya.

Abin da ya biyo bayan dokar ya ƙara tabbatar mini da haka, ta hanyar da masu kafa ta ba su yi tsammani ba. Da rahoton hukuma ya zama abin dogaro, sai masu turka da kamfanoni suka ga ba su da bukatar wahalar ciniki. Suka riƙa ƙulla yarjejeniya cewa za a kawo shanu a biya su bisa farashin da hukuma ta bayyana na makon jiya, da ƙari idan naman ya yi kyau, da ragi idan bai yi ba. Tsarin yana da alheri, domin yana saka wa mai kyautata kiwo, yana kuma rage kai da kawowa. Amma a 2005 fiye da rabin shanun turka ta hanyar tayi da sallamawa ake sayar da su, bayan shekara goma sha biyar kuwa abin ya koma kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar, a yankin Teksas ma akwai shekarun da bai kai ɗaya cikin goma ba. Ya zama kamar rijiyar unguwa wadda kowa ke kai guga amma ba mai shiga yasa: kowane mutum, in aka dube shi shi kaɗai, ya yi hankali da ya guje wa wahalar, sai dai ruwan da dukansu ke sha kullum ƙara ja da baya yake yi. 'Yan tsirarun cinikin da suka saura su ne ke yanke farashin miliyoyin shanu, kuma kamfanin da ya riga ya cika mayankarsa da shanun yarjejeniya ba ya gaggawar taya sauran. Fuƙaha'u suna da suna ga aikin da jama'a ba ta rayuwa sai da shi, wanda in wasu suka tsaya da shi ya faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi, suna kiransa farilla ta kifaya. Ina ganin tsayar da farashi a fili yana cikin wannan babi.

Akwai kuma wani gurbi a cikin dokar wanda ya fi kome damuna. Domin kada a gane cinikin kamfani ɗaya, hukuma ba ta fitar da rahoton wani yanki sai in aƙalla masu saye uku suna ba da labari a rabin kwanaki 60 da suka wuce, kada ɗaya ya wuce kashi 70 na abin da aka bayar, kada kuma ya zama shi kaɗai ne mai bayarwa fiye da kashi 20 na lokutan. Sakamakonsa, inda masu saye suka fi ƙaranci, wato inda makiyayi ya fi bukatar haske, nan ne ake kashe fitila, kamar yadda ya sha faruwa ga rahoton Kolorado. Ba na cewa tsoron da ya haifi sharaɗin banza ne. A Denmark, a 1993, hukuma ta fara buga farashin da kowane kamfanin kankare ke sayarwa don ta ƙarfafa gasa, sai farashi a yankin Aarhus ya hau da kashi 15 zuwa 20 cikin shekara guda, domin kamfanonin sun sami madubin kallon juna, ba mai iya ragi a ɓoye. Bayyanawa na iya zama makami a hannun masu haɗa baki. Amma manyan mayanka huɗu da ke saye a turke ɗaya kowane mako sun fi kowa damar sanin abin da junansu ke biya. Wanda sirrin ke rufe wa ido galibi shi ne mai shanu ɗari biyu a bayan gari.

Ranar 9 ga Agusta 2019 gobara ta tsayar da mayankar Tyson da ke Holcomb a Kansas, wadda ke yanka shanu kusan 6,000 a rana. Farashin nama ya tashi, na shanu ya faɗi, a 2020 kuma annobar korona ta maimaita haka da tsananin da ba a taɓa gani ba. Albarkacin dokar, kowane makiyayi ya ga ratar da idonsa, rana bayan rana. Amma rahoto yana faɗin nawa ne, ba ya faɗin dalili, har yau kuwa wasu na cewa ƙarancin wurin yanka ne, wasu na cewa haɗin baki ne, maganar ta kai gaban alƙalai. Muhtasibi, wato mai sa ido a kan kasuwa, wanda Yahaya bin Umar ya siffanta aikinsa a Ahkamus Suƙ, bai tsaya ga sanin farashi ba, yana da sanda a hannu, kuma Amurka ma tana da tata dokar hana zalunci a mayanka da kara tun 1921, sai dai ƙarfin aiwatar da ita yana hawa da sauka gwargwadon wanda ke kan mulki.

Wanda ya taɓa tsayawa a kara a Maigatari ko Potiskum ya san mas'alar ba baƙuwa ba ce, domin akwai dillalin da ke jan mai saye gefe su yi raɗa, ya dawo ya faɗa wa Bafulatani wani adadi dabam, ya ci la'ada ya ci tsakani, ko da yake dillalin kirki yana da babban amfani, shi ne ke tsaya wa baƙo, shi ne ke shaidar dabba ba ta sata ba ce. Makiyayan Gogounou a arewacin Binin sun warware tasu ta hanyar sa mai dabba da mai saye su yi ciniki fuska da fuska, dillalai kuma aka mayar da su shaidu masu tabbatar da cinikin, ana biyan su ladan da kowa ya sani. Ba a kore su ba, an dai raba su da raɗa.

A 2020 Sanata Chuck Grassley na Ayowa da Sanata Jon Tester na Montana suka kawo ƙudurin tilasta wa manyan mayanka su sayi aƙalla rabin shanunsu ta hanyar tayi a fili, a kuma yanka su cikin kwana 14. Makiyayan da kansu suka rabu biyu, manyan masu turka suna cewa ba mai hana su sayar da dukiyarsu yadda suka so, ƙanana suna cewa wanda ke biyan kuɗi bisa farashin da wasu suka wahala suka tsayar wajibi ne ya sa hannu a wahalar, ƙudurin kuwa bai zama doka ba. Adadin rabi abin ijtihadi ne, mai yiwuwa ya yi wa Teksas yawa ya yi wa Ayowa daidai, tun da yanayin kiwonsu ya bambanta, masana lissafin kasuwa su ne ahalin yanke shi yanki yanki. Amma asalin hujjar ƙananan makiyaya ita ce mai rinjaye a wurina, domin shugaba yana da ikon ya ɗora farillar kifaya a kan wasu ayyanannun mutane idan aka yi sakaci da ita, kuma waɗanda suka fi cancanta a ɗora wa su ne kamfanonin nan huɗu da ke yanka shanu 85 cikin kowane ɗari.